Yadda Ake Zirga-zirga a Legas: Faɗin Gari, Yawan Jama'a da Abin Hawa

Duk wanda zai shiga Legas, ko fatauci ne ya kai shi, ko asibiti, ko neman biza, ko aiki, ya fara cire lissafin kilomita daga ransa. Tsakanin Ikeja da Marina kimanin kilomita 25 ne. Ranar Lahadi da hantsi rabin awa ta ishe ka. Ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe, a wannan hanyar dai, sai ka share awa biyu ba ka isa ba. Shi ya sa mutanen garin ba su cika tambayar nisan wuri ba. Abin da suke tambaya shi ne ƙarfe nawa za ka fita, kuma wace fuska ka nufa. Dalilin haka yana cikin yadda ƙasar take a shimfiɗe da kuma inda jama'a suke kwana.

Ina garin ya fara, ina ya ƙare

Jihar Legas, wadda aka ƙirƙiro a 1967, ita ce mafi ƙanƙanta a Najeriya wajen faɗin ƙasa: murabba'in kilomita 3,577, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan ruwa ne. Jihar Kano ta ninka ta fiye da sau biyar. A taswira doguwa ce siririya, kwance a bakin teku tun daga iyakar Benin ta wajen Badagry har gabashin Epe, wajen kilomita 180. Tana da ƙananan hukumomi 20, kuma 16 daga cikinsu ne aka saba haɗawa a kira su birnin Legas. Huɗun da suka rage, Badagry da Epe da Ikorodu da Ibeju-Lekki, a takarda wajen gari suke, amma gini ya riga ya cinye Ikorodu da babban ɓangare na Ibeju-Lekki.

Ta arewa kuwa garin ya tsallaka cikin Jihar Ogun ba tare da wata alama da baƙo zai gane ba. Sango Ota, Agbado, Akute, Arepo, Magboro, Ibafo da Mowe duk ƙasar Ogun ce, amma yawancin mazaunansu a Legas suke neman abinci. Kasuwar shanu ta Kara, da ke ƙasan doguwar gada kafin a shiga Berger, ƙofar gari daga Ibadan, ita ma a Ogun take. Wannan ba zancen taswira kawai ba ne. Idan wani ya ce maka yana zaune a Legas, ka tambaye shi unguwa, domin Legas ɗinsa tana iya zama tafiyar awa uku daga taka.

A aikace garin gida biyu ne, ruwa ya raba su. Akwai ɓangaren tsibiri: tsohon gari na Lagos Island inda Idumota da Balogun da Marina suke, sai Ikoyi, sai Victoria Island, sai zirin Lekki da ya miƙe gabas ta Ajah har Epe. Akwai kuma ɓangaren tudu, wanda ake kira Mainland: Ebute Metta, Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege, Alimosho, Ojo, Apapa da sauransu.

Mutum nawa ne, kuma a ina suke kwana

Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Legas mutum miliyan 9.1, ta ba Kano miliyan 9.4. Gwamnatin Legas ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17.5. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, sai ƙiyasi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana sa birnin a wajen miliyan 15 zuwa 16 a 'yan shekarun nan, gwamnatin jiha kuma tana cewa sun haura miliyan 20. Wani ɓangare na saɓanin daga iyaka yake: wani ya tsaya a ƙananan hukumomi 16, wani ya haɗa jihar duka, wani ya ƙara garuruwan Ogun da suka manne.

Ga matafiyi, jimillar ba ta kai rabon muhimmanci ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Lagos Island tana da mutum kusan 210,000 kacal, Eti-Osa, wadda ta haɗa Ikoyi da Victoria Island da Lekki, ba ta kai 300,000 ba. Alimosho ita kaɗai tana da kusan miliyan 1.3. Ajeromi-Ifelodun, inda Ajegunle take, tana da sama da 680,000 a cushe cikin murabba'in kilomita 12 ko makamancin haka. Lekki ta cika sosai tun bayan nan, amma tsarin bai sauya ba: manyan bankuna da ofisoshi da ofisoshin jakadanci da kasuwannin sari suna tsibiri, haya mai sauƙi kuma tana can nesa a tudu. Don haka kullum da safe jama'a suna kwarara kudu zuwa tsibiri, da yamma su juyo.

Kuma gada uku ce kawai ta haɗa tudu da tsohon tsibiri. Gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, tana ɗaukar ka daga Iddo ta sauke ka a Idumota. Gadar Eko tana tasowa ta wajen Costain da Ijora ta sauka Apongbon. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, tana tashi daga Oworonshoki ta sauka Adeniji Adele, kuma in ka hau ta babu mafita sai ta Adekunle. Gadojin nan kamar mazurari suke: komai faɗin titin da ka biyo, nan za a matse. Tirela ɗaya ta lalace a kan Eko, ko motoci biyu su yi karo a Third Mainland, sai cunkoson ya koma baya har Ojota. Gobarar da ta tashi a ƙasan gada a Apongbon a watan Maris 2022 ta sa an rufe wani ɓangare na gadar Eko fiye da shekara guda, kuma duk garin ya ji a jikinsa.

Mataki na farko: masauki

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a zaɓi masauki saboda arha ko saboda akwai ɗan'uwa a can, ba a duba inda hidimar take ba. Ka fara rubuta wuraren da za ka je, sannan ka nemi wurin kwana a ɓangarensu na ruwa. Mai harkar kayan gwari, Mile 12 da Ketu ne yankinsa. Mai harkar dabbobi da mayankar Oko-Oba, Agege. Mai jinya a asibitin koyarwa na LUTH ya nemi Idi-Araba ko Surulere ko Mushin. Waya da kwamfuta suna Computer Village a Ikeja, kayan gyaran mota suna Ladipo a Mushin, kayan lantarki suna Alaba International a Ojo, kusa da Alaba Rago. Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende duk tsofaffin mazaunan Hausawa ne, ba za ka rasa masallaci da abincin gida da wanda zai nuna maka hanya ba.

Wanda yake da ganawar biza a Victoria Island da ƙarfe 8 na safe, ya kwana a tsibiri ko a Yaba ko Surulere. Kwana a Agege ko Ikorodu a irin wannan rana ganganci ne, sai dai in zai fito kafin kiran assalatu.

Mataki na biyu: lokaci

Hanyar shiga tsibiri tana cushewa daga wajen ƙarfe 6 zuwa 10 na safe. Hanyar fita tana cushewa daga ƙarfe 4 na yamma, wani lokaci har 10 na dare. Ma'aikatan da ke zaune a Ikorodu ko Sango ko bayan Ajah da yawansu ƙarfe 5 ta asuba a titi take yi musu. Bambancin wanda ya fita 5:30 da wanda ya fita 6:30 ba awa ɗaya ba ce, sau da yawa awa biyu ce a lokacin isa. Wanda ba aikin ofis ya kawo shi ba ya bar masu ofis su wuce, ya fita tsakanin 10:30 da 11, ya gama abin da zai yi, ya baro tsibiri kafin 3. In ka makara har 5 ta yi, gara ka yi magariba da isha a can, ka ci abinci, sannan ka kama hanya. Wanda kuma tafiyarsa ta saɓa wa jama'a, wato ya bar tsibiri da safe ya dawo da yamma, titi kusan nasa ne.

Safiyar Litinin da yammacin Juma'a sun fi kowane lokaci muni. Ranar Alhamis kasuwanni ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 na safe saboda tsaftar kasuwa, don haka sammakon zuwa Balogun ko Ladipo ranar asara ce. Damina tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ƙasar kwari ce, magudanai kuma suna toshewa, don haka ruwan awa ɗaya ya isa ya tsayar da Lekki da wasu sassan hanyar Oshodi zuwa Apapa, kuɗin mota kuma ya tashi nan take. Disamba kuwa wata ne na cunkoso tun daga farkonsa.

Masu shigowa daga Arewa ta mota, ko ta Ilorin suka biyo ko ta Lokoja, a Ibadan suke haɗuwa su shigo ta Berger. A kan wannan babbar hanya akwai manyan sansanonin ibada na coci-coci, kuma daren Juma'ar farko ta kowane wata, da lokutan manyan tarukansu a Agusta da Disamba, tsakanin Mowe da Berger yakan tsaya cik. Mai iko ya kauce wa waɗannan ranaku. Akwai kuma jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, mai tafiyar kusan awa biyu da rabi. Tasharsa ta Ibadan tana Moniya, a kan hanyar Oyo, yana kuma tsayawa a Agege kafin ya ƙarasa Ebute Metta.

Katin Cowry da motocin BRT

Hukumar LAMATA ce take kula da manyan motocin bas na gwamnati da jiragen ƙasa na cikin gari, kuma dukkansu da kati ɗaya ake biya, katin Cowry. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki. Ana sayen katin a manyan tashoshi, a zuba masa kuɗi a wurin masu sayarwa ko ta manhajar waya. Wanda zai yi ko da kwana uku a garin ya saye shi ranar farko, ya zuba abin da zai ishe shi zuwa da dawowa, domin layin zuba kuɗi da yamma wani layi ne daban kafin na shiga mota. In kuna da yawa, gara kowa ya riƙe nasa.

Ana dangwala katin a na'ura wajen shiga, a sake dangwalawa wajen sauka. Na biyun nan ne baƙi suke mantawa. A hanyoyin da ake biya gwargwadon nisa, na'urar tana cire kuɗin har ƙarshen layi tun da ka shiga, sai ka dangwala wajen fita take mayar maka da ragowar. Ka sauka ba ka yi ba, ka biya kuɗin tafiyar da ba ka yi ba. Shi ya sa kuma katin da kuɗinsa bai kai na ƙarshen layi ba yakan ƙi karɓuwa ko da kusa za ka sauka.

BRT, wato babbar bas mai bin keɓaɓɓiyar hanya, ta fara aiki a watan Maris 2008 tsakanin Mile 12 da tashar CMS da ke tsibiri, kilomita 22, aka ƙara ta zuwa Ikorodu a 2015. Wannan layin shi ne ƙashin bayan gabashin tudu: Ikorodu, Mile 12, Ketu, Ojota, Maryland, Anthony, Fadeyi, Stadium, Costain, ta haye gadar Eko zuwa CMS da TBS, wato dandalin Tafawa Balewa. Layi na biyu, wanda aka buɗe a Agusta 2020, yana tsakanin Oshodi da Abule Egba, kusan kilomita 14, ta Ikeja Along da Dopemu da Iyana Ipaja. Amfaninta shi ne an ware mata hanyarta da shingen kankare a mafi yawan tafiyar, tana wucewa sauran motoci suna tsaye. Inda shingen ya ƙare, kamar kusa da gada, ita ma tana shiga sahun kowa.

Matsalarta jira ne. Motocin ba su kai yawan masu buƙata ba, kuma da safe suna cika tun daga tashar farko, sai su wuce tashoshin tsakiya ba wurin zama. A manyan tashoshi layi biyu ake yi, na masu zama da na masu tsayuwa, kuma na tsayuwa ya fi saurin tafiya. Ka karanta allon gaban motar ko ka tambayi ma'aikaci, domin wasu ba sa tsayawa ko'ina sai ƙarshe. BRT ba motar kaya ba ce. Mai buhu ko ƙatuwar jaka ya nemi wata hanyar.

Jiragen ƙasa biyu

Blue Line ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023. Kilomita 13 ne, tasha biyar: Marina, National Theatre, Iganmu, Alaba, Mile 2. Tafiyar ba ta wuce minti 20, alhali a mota da yamma tana iya haura awa. Yana tashi akai-akai daga safe zuwa dare. Da lantarki yake aiki, kuma wutar tana bin wani ƙarfe na uku a gefen layin, don haka tsallaka shingensa wasa da rai ne. Ba a ci ba a sha a ciki. Ana kan aikin ƙarasa shi zuwa Okokomaiko, wanda zai kai shi kilomita 27.

Red Line ya fara jigila a Oktoba 2024. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, tasha takwas: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Ga mazaunin Agege wannan babban sauƙi ne. Sai dai layin dogo ɗaya suke bi da jirgin Ibadan, jigilarsa kuma ta fi karkata ga safiya da yamma, lokacin tafiya aiki da tashi. Kada ka tsara tafiyar tsakar rana ko ta ƙarshen mako a kansa sai ka ga jadawalin ranar. Kuma bai haye ruwa ba tukuna: a Oyingbo yake ajiye ka, ka ƙarasa tsibiri a mota. Lokacin buɗewa an sa naira 750 daga farko zuwa ƙarshen Blue Line, naira 1,500 a Red Line, amma farashin ya sha sauyawa, ka duba allon tasha.

Danfo

Duk da BRT da jirgi, danfo ce take ɗaukar mafi yawan mutanen Legas, kuma babu wanda zai yi mako guda a garin bai shige ta ba. Ita ce ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa da baƙin zane, mai cin mutum 14 zuwa 18 a kan benci. Ƙanwarta korope, mai mutum bakwai, tana bin gajerun hanyoyi na cikin unguwa.

Danfo ba ta da lamba ko taswira. Tsarinta na mahaɗa ne: ka san manyan wuraren sauya mota, sai ka haɗa tafiyarka gaɓa-gaɓa. Oshodi ce cibiya, kusan ko'ina akwai motarsa daga can. Sai Ojota da Berger ga masu shigowa gari, Ikeja da Iyana Ipaja ga arewa maso yamma, Mile 2 ga hanyar Badagry da Apapa, Yaba da Ojuelegba da Oyingbo a tsakiya, CMS da Obalende a tsibiri, inda ake samun motocin Victoria Island da Lekki da Ajah. In ka ɓace, ka nemi motar Oshodi ko ta CMS, daga nan ka sake lissafi.

Kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran sunan inda za shi da sauri, yana haɗiye rabin harafin. Kada ka dogara da kunnenka: ka faɗa masa sunan tashar da za ka sauka, ka ga ya amsa, ka tambayi kuɗin, sannan ka sa ƙafa. Kuɗin ba tsayayye ba ne, yana hawa da safe da yamma da lokacin ruwa da ranar wahalar mai. Ka riƙe ƙananan kuɗi. Idan ka ba da dubu ɗaya babu canji, abin da yakan yi shi ne ya haɗa ka da wani fasinja ya miƙa muku takarda ɗaya ku je ku raba, motar ta wuce ta bar ku a bakin titi kuna neman mai canji. In ya kira sunan tasharka ka ɗaga murya ka ce "O wa", in ba haka ba direba ba zai tsaya ba. 'Yan kamashon da suke bin motar da gudu a kowace tasha suna karɓar kuɗi, tsakaninsu da kwandasta ne, ko sun yi cacar baki kada ka sa baki.

Da yamma direbobi suna yanka doguwar hanya gida biyu ko uku don su ci kuɗi sau biyu, sai ka rasa motar da za ta kai ka kai tsaye. Ba yaudararka aka yi ba, haka ake yi wa kowa. Ka hau ta rabin hanyar ka sauya.

Akwai kuma masu fashi da motar haya, waɗanda ake kira wan-cans. Sukan zo da mota da mutanensu a ciki kamar fasinjoji, su ɗauki mutum ɗaya ko biyu a bakin hanya, yawanci da asuba ko bayan isha, su ƙwace waya su tilasta a tura kuɗi. Kariyar ita ce ka hau mota a cikin tasha inda ake lodi, ko da za ka ƙara jira, ka guji wadda ba fenti ko wadda gilashinta ya yi duhu. Waya kuma ba a riƙe ta kusa da taga a cikin cunkoso. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767.

Sunayen da suke ɓatar da baƙo

Wannan ya fi komai jawo asarar yini. Tashar Alaba ta Blue Line ba ita ce Alaba International ko Alaba Rago ba. Ita tashar a Suru Alaba take, dab da Mile 2. Kasuwannin suna can gaba sosai a Ojo. Mai zuwa can ya sauka Mile 2, ya hau motar Iyana Iba ko Okokomaiko. Mile 2 kuma tana yamma, Mile 12 tana gabas, ba su haɗa hanya ba. Berger biyu ce: ta Ojodu, ƙofar gari daga Ibadan, da ta kasuwar motoci a hanyar Apapa kusa da Mile 2. Iyana Ipaja, Iyana Iba, Iyana Oworo da Iyana Isolo wurare huɗu ne masu nisa da juna. Ko a Oshodi, mai sauka Oshodi Oke a saman gada zai tsinci kansa, mai sauka Oshodi Isale a ƙasa, kuma babbar tashar gini uku ce, kowanne da hanyoyin da yake lodi. Ikeja Along tana kan hanyar Abeokuta kusa da tashar jirgin ƙasa, Ikeja Under Bridge tana bakin Computer Village. Don haka in ana yi maka kwatance, ka karɓi abu uku: sunan unguwa, sunan tashar bas mafi kusa, da wata alama kamar masallaci ko gidan mai.

Ga yadda ake haɗa tafiya. Daga Berger zuwa Agege, motar Ogba da Pen Cinema. Daga Berger zuwa Mile 12, ka sauka Ojota ko Ketu ka sauya. Daga Agege zuwa Idumota da safe, Red Line zuwa Oyingbo, sannan danfo ta Iddo ta haye gadar Carter. Daga Ojo zuwa Balogun, mota zuwa Mile 2, Blue Line zuwa Marina, sauran da ƙafa. Daga Agege zuwa Alaba Rago ba dole sai ka zagaya ta Oshodi da Mile 2 ba: akwai hanyar Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, ta fito Iyana Iba.

Ruwa, acaɓa da tasi

Jirgin ruwa shi ne abin da baƙi suka fi mantawa da shi. Daga tashar Ipakodo a Ikorodu zuwa tsibiri ba ya kai awa, alhali ta titi da safe awa biyu ba abin mamaki ba ne. Akwai tashoshi a Marina, Falomo, Badore, Apapa da wasu wurare. Jiragen gwamnati na LAGFERRY suna karɓar Cowry, na 'yan kasuwa kuma sun fi yawa, sun fi saurin cika. Rigar kariya dole ce, ka ɗaure ta sosai kafin a tashi, kuma jirgin da ya ɗauki fiye da kujerunsa ka sauka ka bar shi. An hana tafiyar dare, don haka ka san lokacin jirgin ƙarshe. Wajen ƙarshen shekara kainuwa takan rufe ruwan Ikorodu ta naɗe farfelar inji, jigila ta ragu ko ta tsaya.

Acaɓa, wadda a can ake kira okada, an haramta ta tun 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island, Lagos Mainland da Apapa, aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin a watan Satumba na shekarar. Manyan tituna da gadoji ma haramun ne a ko'ina. Za ka ga masu yi duk da haka, amma dokar ta haɗa da fasinja, babur ɗin da aka kama kuma murƙushe shi ake yi. Matashin da yake shirin sayen babur ya tafi Legas neman kuɗi ya san wannan tun yana gida. Keke mai ƙafa uku tana aiki a cikin unguwanni, ba ta hawa manyan hanyoyi.

Tasi na manhajar waya, wato Uber da Bolt da inDrive da LagRide, duk suna aiki, kuma su suka fi dacewa da mai kaya ko mara lafiya ko mai tafiyar dare. Ba sa tsallake cunkoso, farashinsu kuma yana ninkawa in ana ruwa. Ka duba lambar motar ta dace da ta cikin waya kafin ka buɗe ƙofa.

Mai tafiya a ƙasa da mai tuƙi

Inda duk aka yi gadar masu tafiya a ƙasa, kamar Ojota da Oshodi da Berger da Ikeja Along, tsallaka titi ta ƙasa laifi ne, kuma jami'an tsaftar muhalli suna tsayawa a ɗaya gefen suna jiran wanda zai yi. Mai tuƙa motarsa ya kiyaye abu biyu fiye da komai: shiga hanyar BRT, da bin titi mai hannu ɗaya ta baya. Jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci, ba sa sassauci a kansu, na biyun ma yana iya kai wa ga kotu ta ƙwace motar, ga shi ba kowane titi ne yake da allon gargaɗi a fili ba. In ka ga duk motocin da ke titi sun fuskanto ka, ko ka ga layi ba kowa alhali na kusa da shi a cushe, ka tsaya ka tambaya. Yankin Apapa da Tin Can na tireloli da tankoki ne, ƙaramar mota ta shiga da rana tsaka ta fito da wuri. Hanyar Lekki zuwa Epe ma manyan motoci sun ƙaru a kanta tun da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Dangote a 2023.

Filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana Ikeja, amma ƙofarsa biyu ce masu nisa da juna a mota. Ɓangaren ƙasashen waje ta hanyar Oshodi ake shigarsa, na cikin gida kuma ta wajen Ikeja, shi ma gini biyu ne, MMA2 da tsohuwar tasha, don haka ka duba tikitinka ka faɗa wa direba wanne. Jirgin yamma zuwa Kano ko Abuja yana nufin za ka bi sahun masu tashi daga aiki: daga Victoria Island ko Lekki ka fito awa huɗu kafin lokacin tashi, daga Agege ko Ikeja awa biyu ta wadatar.